Taura Biyu a Baki Guda: Majinyaci da Ɗalibi a Ɗakin Likitan Iyali

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Na kwashe shekaru ina jarraba gaskiyar wannan magana a wani ƙaramin ɗakin duba marasa lafiya a garin Dutsin-Ma, ɗaki mai tebur ɗaya, da gadon awo a bayan labule, da kujeru uku. Kujerar farko ta majinyaci ce, ta biyu tawa, ta uku kuma ta wanda aka turo ya koyi aiki. Majinyaci ya baro gida tun asuba, wataƙila sai da ya sayar da tiya biyu ta gero kafin ya haɗa kuɗin mota, kuma bukatarsa ita ce a duba shi da kyau, a sallame shi da wuri. Shi ma ɗalibi ya baro gida, an ba shi makonni ƙidayayyu, bukatarsa ita ce a bar shi ya tambaya, ya taɓa, ya yi tunani, ko da tunanin zai ci rabin awa. A waje kuwa layi ya kai bakin baranda. Duk lokacin da na ƙara wa ɗaya, daga rabon ɗayan na ɗebo shi.

Wannan rubutu bayani ne a kan faɗi-tashin da na yi tsakanin waɗannan amanoni biyu, da kurakuran da na tafka ta kowane ɓangare, da abin da watannin ƙarshen shekarar 2021 suka koya mini a Kurfi.

Likitan iyali da masu koyo a hannunsa

Likitan iyali shi ne ƙwararren da ba ya zaɓen majinyaci. Likitan ido ya tsaya a kan ido, likitan ƙashi a kan ƙashi, amma ƙofar likitan iyali ita ce ta farko da kowa ke ƙwanƙwasawa: jariri mai zazzaɓi, da mai juna biyu, da dattijo mai hawan jini, da manomin da fartanya ta sara, da yaron da ke fitsarin jini saboda wanka a ruwan da ke kwance. Aikinsa ya yi maganin abin da zai iya, ya kuma gane abin da ya fi ƙarfinsa, ya tura gaba tun lokaci bai ƙure ba. A Nijeriya an kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, kuma a farkon shekarun 1980 aka soma horar da likitoci a wannan fanni, galibi a asibitocin mishan irin na Ogbomosho da na Jos, inda likita ɗaya kan yi kusan komai da hannunsa.

Dutsin-Ma gari ne na makarantu da na manoma. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga kuma masu noman rani da masunta na kewayen madatsar ruwa ta Zobe. Kurfi tana kan hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma zuwa birnin Katsina, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya yake, wato tsohuwar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, kuma can mukan tura cutar da ta gagare mu. A tsakanin waɗannan garuruwa na yi yawancin aikina.

Masu koyon da suka ratsa ta hannuna iri uku ne. Akwai ɗaliban likita, waɗanda karatunsu shekara 6 ne, akan turo su a shekarun ƙarshe su ga yadda aiki yake a wajen babban asibiti. Akwai sababbin likitoci da suka gama shekara guda ta sanin makamar aiki, suka fito yi wa ƙasa hidima. Akwai kuma ɗaliban aikin jinya da na kiwon lafiyar al'umma. Doka ba ta ba ɗalibi ikon rubuta magani sai da sa hannun likita ba. Sabon likita kuwa yana da lasisi, amma idonsa bai ga cututtuka da yawa ba tukuna. Kowannensu da tsawon igiyar da ya kamata a sakar masa, kuma sanin wannan tsawo shi ne abin da ba a koya mini a makaranta ba.

Kuskuren farko: riƙe igiya

Da na fara karɓar ɗalibai, koyi na yi da wasu daga cikin waɗanda suka koyar da ni, domin ban san wata hanya ba. Ɗalibi zai fara karanta bayanin da ya ɗauko, kafin ya kai layi na uku na katse shi, na juya ga majinyaci na yi tambayoyina, na faɗi sunan cutar, na rubuta magani, na ce a shigo da na gaba. In na ga dama in jefa wa ɗalibin tambaya mai wuya a gaban jama'a, in ya kasa amsawa in girgiza kai. A ganina aiki na tafiya, tunda kafin la'asar layi ya ƙare.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda ta fara aiki tun ina firamare, ita ta tare ni wata rana bayan an tashi. Ta ce, “Likita, in ba za ka ji haushi ba, ina da magana. Kai kake tambaya, kai kake amsawa. Yaran nan kallo suka zo yi?” Na ce mata marasa lafiya sun yi yawa, ba ni da lokacin jiran ɗalibi ya gama lalube. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “To, ranar da ba ka nan fa?”

Ban ba ta amsa ba, amma maganar ta bi ni har gida. Na lura cewa ɗaliban da suka yi wata guda tare da ni sun ƙware a abu ɗaya kawai, wato karanta fuskata. Sun san irin amsar da ke sa ni murmushi da irin wadda ke sa ni tsaki. Ba wanda ya taɓa cewa, “Ga abin da nake zato, ga dalilina,” domin ban taɓa barin gurbin da za a faɗi hakan ba.

Kuskure na biyu: sakin igiya

Mai gyaran kuskure yakan zarce. Na koma ina ba ɗaliban shekarar ƙarshe ɗaki na kusa da nawa, su ɗauki bayani, su auna, su rubuta abin da suke ganin ya dace, su kawo mini in sa hannu. A farko nakan tashi in je in duba kowane majinyaci da kaina. Da aiki ya yi yawa, sai na soma tsallake waɗanda na ga bayaninsu ya zauna daidai a takarda.

Wata safiya a farkon hunturu, wani ɗalibi mai ƙwazo ya kawo mini katin wata mata. Ya ce tari take yi da numfashi sama-sama, ya saurari ƙirjinta ya ji shaƙewa, kuma ƙura ta fara sauka a gari, saboda haka yana ganin asma ce. Bayanin ya yi tsaf. A lokacin ina fama da wani yaro mai jijjiga. Na karanta, na sa hannu, ban tashi daga inda nake ba.

Bayan kwana biyu aka shigo da ita ranga-ranga. Ba ta iya kwanciya, sai dai a jingina ta, ƙafafunta sun kumbura har gwiwa, jijiyoyin wuyanta sun tashi, tana tari da kumfa. Kallo ɗaya ya isa: zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Muka zaunar da ita, muka sa mata iskar oksijin, muka yi mata allurar da ke sa fitsari domin rage ruwan. Na tambayi tsohuwar da ta rako ta ko ta haihu kwanan nan. Ta ce, “Likita, ai ba ta daɗe da yin arba'in ba. Shekaranjiya da muka zo, ni ce nake waje riƙe da jaririn.”

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Gazawar zuciya a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa ta fi yawa a arewacin Nijeriya fiye da yawancin sassan duniya. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi nazarinta a Zariya, suka danganta ta da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a kan gado mai ɗumi, da shan kunun kanwa mai yawan gishiri. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya ja hankali ga wasu dalilan, kamar talauci, da rama, da hawan jini a lokacin ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk wannan na san shi, har na sha koyar da shi. Tambaya ɗaya tak ta rage a yi wa matar: yaushe rabonki da haihuwa? Ɗalibin bai yi ba, saboda bai ga goyo a bayanta ba, kuma kunya ta hana shi cewa ta ɗaga zane ya duba ƙafarta. Ni kuma ban yi ba, saboda ban gan ta ba sam.

Allah ya yi da sauran kwananta. Da numfashinta ya daidaita muka tura ta Katsina aka ɗauki hoton zuciyar, aka ɗora ta a kan magani. Kafin su tafi na kira mijinta da mahaifiyarta gefe, na gaya musu cewa a zuwan farko ba mu gano ainihin cutar ba, kuma laifin nawa ne. Tsohuwar ta ce, “Ɗana, Allah ya kiyaye gaba.” Da ta zage ni, da wataƙila ya fi mini sauƙi.

Ɗalibin kuwa ya shige wani lungu yana share hawaye. Ya ce, “Malam, na kusa kashe ta.” Na ɗauko katin na nuna masa ƙasan shafin, na tambaye shi sa hannun wane ne a wurin. Na ce masa shi ɗalibi ne, kuskure yana cikin abin da aka turo shi ya yi, kuma an ajiye ni ne domin kuskurensa ya tsaya a teburina, kada ya isa jikin mutum. Sannan muka zauna muka bi bayanin layi-layi har muka ga inda aka yi tsallake. Daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na sa hannu a katin wanda idona bai gani ba, hannuna bai taɓa ba, ko da na minti biyu ne. Kuma duk macen da ke cikin shekarun haihuwa, ko ciwon kunne ta kawo, sai an tambaye ta rabonta da haihuwa da rabonta da al'ada.

Neman tsakiya

Matsalar ba sabuwa ba ce. Ibn Nadim ya ruwaito a littafinsa Al-Fihrist cewa Abubakar Ar-Razi, babban likitan garin Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 925, yakan zauna ne ɗalibansa na kewaye da shi sahu-sahu. Mai ciwo zai fara kai kukansa ga na sahun baya. In sun san maganin, shi ke nan, in ba su sani ba ya matsa gaba, har ya iso ga malamin. Ɗalibi ya sami damar gwada iliminsa, malami kuma yana zaune a inda kunnensa ke jin abin da ake faɗa. A zamaninmu, a 1992 wasu likitocin iyali a Amurka sun wallafa wata gajeriyar hanya mai matakai 5 ta koyarwa cikin 'yan mintoci a tsakiyar aiki: ka sa ɗalibi ya yanke hukunci, ka nemi hujjarsa, ka ba shi ƙa'ida ɗaya da za ta yi masa amfani gobe, ka faɗi abin da ya yi daidai, ka gyara abin da ya kuskure.

Na ɗauki wannan na mayar da shi tambayoyi uku da nake yi wa kowane mai koyo, a bakin ƙofa, kafin mu shiga wurin majinyaci tare. Me kake zato? Me ya sa ka zaci haka? Idan zatonmu kuskure ne, mene ne zai iya kashe wannan mutum kafin gari ya waye? Ta ukun ita ce wadda matar nan mai jego ta bar mini gado. Tana tilasta wa ɗalibi ya duba bayan amsar da ta zo masa da sauƙi. Zazzaɓin cizon sauro ne, to, amma an lanƙwasa wuyan yaron an ga ba sanƙarau ba ne? Gyambon ciki ne, to, amma an tabbatar ba ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ba?

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shirun da ke biyo bayan tambaya. Ɗalibi na lalube, amsa na kan harshena, layi na jira. Na koyi ƙirga goma a zuci kafin in buɗe baki. Amma akwai halin da ba na ƙirga ko ɗaya: mai jijjiga, da mai zubar jini, da wanda numfashi ke neman ƙwace masa. A nan nakan karɓi aiki nan take, ɗalibi ya riƙe fitila ko ya ɗaura ƙarin ruwa, darasi ya jira sai an tsira.

Harshe da kunya

Ɗalibanmu da Turanci suke karatu, majinyatanmu da Hausa suke ciwo. Wani ɗalibi da bai taso a ƙasar Hausa ba ya taɓa rubuta mini cewa wata yarinya na fama da ciwon zuciya, alhali cewa ta yi zuciyarta na tashi, wato amai take ji. Su ma 'yan gida ba su tsira ba. Idan mutum ya ce basir ke damunsa, yana iya nufin kumburin dubura, ko taurin bayan gida, ko ciwon baya, ko raunin mazakuta da yake jin nauyin ambata. Idan mace ta ce sanyi, tana iya nufin ciwon gaɓoɓi, tana iya nufin ciwon mara da fitar ruwa. Shawara kan zama rawayar ido, kan kuma zama duk wata kasala da aka rasa sunanta. Mafi haɗari duka ita ce “da sauƙi”. Bahaushe ko yana gargara, in ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce, domin tarbiyya da tawakkali sun hana shi cewa akasin haka. Nakan gaya wa ɗalibai su karɓi wannan amsa a matsayin gaisuwa, sannan su fara tambaya: jiya ka ci abinci? Ka iya zuwa masallaci da ƙafarka? Da matashi nawa kake kwana?

Akwai kuma haƙƙin majinyaci a kan koyarwar kanta. Larabawa na da karin magana a kan mai koyon wanzanci a kawunan marayu, kuma duk mai koyar da likitoci a karkara ya kamata maganar ta riƙa damunsa, domin talaka ne ba ya iya cewa a'a. Wani dattijo daga wani ƙauye na yammacin Dutsin-Ma ya taɓa dubana, ya dubi ɗalibai huɗu da suka kewaye gadonsa suna latsa cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Likita, ni za a yi wa magani, ko yaran nan za a yi wa karatu?” Na ce, “Baba, duka biyun ne, amma na yi laifi da ban nemi izininka ba.” Ya yi dariya ya ce, “To yanzu ka nema. Su taɓa, Allah ya ba su ilimi mai amfani.”

Tun daga nan nake gabatar da ɗalibi da matsayinsa na gaskiya, ba na kiransa likita alhali bai zama ba. Nakan nemi izini, kuma wanda ya ƙi ba ya rasa komai. Matar da ba ta yarda namiji ɗalibi ya duba ta ba, an bar ta, kuma ba a duba mace sai da wata mace a ɗakin. Na hana a yi ta zuba Turanci a kan mutum yana kwance yana rarraba ido. Abin da za a faɗa a gabansa a faɗe shi da harshen da yake ji. Gyaran ɗalibi kuma a waje ake yi, domin wanda aka kunyata a gaban majinyaci ba ya koyon komai sai ɓoye jahilcinsa, kuma likitan da ya saba ɓoye abin da bai sani ba abin tsoro ne.

Kurfi, 2021

A wancan lokaci ina leƙa wani ƙaramin asibiti a yankin Kurfi sau ɗaya a mako, inda wata sabuwar likita ke aikin yi wa ƙasa hidima. Tana da ilimi da natsuwa, amma ba ta yarda da kanta ba. A yini ɗaya takan kira ni sau biyar ko shida: “Ranka ya daɗe, ga wani yaro, ga abin da na gani, in ba shi kaza?” Kusan kullum abin da ta faɗa daidai ne. Ni kuma, in faɗi gaskiya, kiran yana yi mini daɗi, yana sa in ji ana bukatata. Maimakon in ce ta yanke hukunci mu tattauna daga baya, sai in ba ta amsa.

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Jihar Katsina a ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 domin yaƙi da 'yan bindiga. Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Wayoyinmu suka zama fitilu kawai. Lokacin kuwa ƙarshen damina ne, ganiyar zazzaɓin cizon sauro, kuma ba mai hawa hanya da dare sai dole. Ranar da tsohuwar ma'aikaciyar jinyar nan ta yi mini gargaɗi a kanta ta zo, ba kuma ta hanyar da na taɓa zato ba.

Da ranar zuwana ta zagayo, na tarar da likitar ta rame, idanunta sun faɗa. Ta miƙo mini wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ashe tun daren da waya ta ɗauke ta raba kowane shafi gida uku: abin da nake zato, dalilina, abin da zai iya kashe shi kafin safe. A ƙasa kuma ta rubuta abin da ta yi. Na zauna na karanta shafi-shafi.

Akwai wani yaro ɗan shekara 3 da aka kawo da tsakar dare a sume, bayan ya yi ta jijjiga. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Ta auna nauyinsa, ta yi masa allurar atesunet ta jijiya bisa ƙa'idar yaran da ba su kai kilo 20 ba, wato miligiram 3 a kowane kilo, ta rubuta lokacin maimaitawa bayan awa 12 da bayan awa 24. A gida na uku na shafin ta rubuta: faɗuwar suga. Ta auna, ta tarar ya faɗi ƙwarai, ta ba shi gulukos ta jijiya. Yaron yana zaune a cinyar uwarsa yana shan koko lokacin da na shiga ɗakin.

Akwai kuma wani shafin. Yarinya ce 'yar shekara 2, an kawo ta da yamma da zazzaɓi. An fara mata magani, amma sai cikin dare aka lura tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat, numfashi ya soma sauri. Jini take bukata, babu jini a wurin, kuma ba a iya fita sai da gari ya waye. Ta rasu a mota kafin su kai Katsina. Likitar ta jira na gama karantawa, sannan ta ce, “Ranka ya daɗe, da kana nan, da ta rayu?”

Na san amsar da za ta sanyaya mata rai, na kuma san ba ita ce cikakkiyar gaskiya ba. Na ce mata rai a hannun Allah yake, kuma kusan duk abin da ta yi shi zan yi. Abu ɗaya ne zan yi dabam: zan buɗe idon yarinyar in duba tafin hannunta tun a bakin ƙofa, in auna yawan jininta tun da sauran rana, lokacin da mota ke iya tafiya. Ko hakan zai cece ta, Allah ne masani, amma zai ba ta dama. Na ƙara da cewa wannan darasi ni ya kamata in ba ta tun watanni biyu da suka wuce, a lokacin da nake ta amsa mata tambayoyi ɗai-ɗai ta waya maimakon in koya mata abin da za ta riƙa dubawa. Ta yi kuka, ni ma ban iya haɗa ido da ita ba na ɗan lokaci. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta a bangon littafin: a duba ido da tafin hannun kowane yaro mai zazzaɓi kafin a rubuta komai.

Watannin da aka yi babu waya, da wannan littafi muka yi aiki. Duk mako in zo mu bi shi tare, in nuna inda na yarda da inda na saɓa, wani lokaci ita ta kare ra'ayinta har in janye nawa. Da aka maido da sadarwa, kiranta ya koma sau ɗaya ko biyu a mako, kuma salonsa ya sauya. Ta daina cewa, “In yi kaza?” Ta koma cewa, “Na yi kaza saboda kaza, amma ga abin da ke damuna.”

Kammalawa

Likitoci da yawa suna barin ƙasar nan zuwa Saudiyya da Ingila da sauran wurare, waɗanda suka rage kuma sun fi taruwa a manyan birane. Ma'anar wannan ga mutumin Kurfi ko Safana ko Ɗanmusa ita ce, wanda zai tarar a asibiti da ƙarfe biyu na dare sau da yawa matashi ne wanda bai daɗe da barin kujera ta uku ba. Majinyacin da ke gabana yau yana da haƙƙin kada a yi wasa da ransa don wani ya koyi aiki. Majinyacin wancan dare, wanda ba zan taɓa ganinsa ba, shi ma yana da haƙƙi a kaina, kuma ba ni da hanyar sauke shi sai ta hannun ɗalibin da ke zaune kusa da ni.

Har yanzu ban iya tauna taurar biyu lokaci guda ba. Abin da na koya shi ne jeranta su: in rai na cikin haɗari, majinyaci ne kaɗai a ɗakin, in kuwa akwai sarari, sai in ja kujerata baya kaɗan, in bar ɗalibi ya yi magana, idona na kan mai ciwo. Wasu ranakun nakan yi saurin katsewa, wasu ranakun nakan makara. Makon da ya wuce wata ɗaliba ta kawo mini katin wata mata mai tari. Kafin in buɗe baki ta ce, “Malam, na tambaya. Watanta biyu da haihuwa, kuma na duba ƙafafun.” Na tashi muka je muka duba ta tare.